Tsakanin motar facalata da daron 'yar kayayo

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke Aboabo a cikin Kumasi. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

“Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce, shekaruna 34, yarana uku. Ina da ɗan shagon atamfa da leshi a kasuwar Kejetia, maigidana kuma bakanike ne a Suame Magazine, yana da garejinsa da yara biyar masu koyon aiki. Haya muke yi, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba, alhamdu lillahi.

“A Babbar Sallar da ta wuce ƙanin maigidana ya zo daga Jamus da matarsa, bayan shekara tara da tafiya. Ya zo da mota, ya yanka sa, ga gida mai hawa biyu yana ginawa. Yaron nan maigidana ne ya koya masa riƙe sifana. Tun da suka koma maigidana ya canza. Ba ya cin abinci sosai, ba ya hira, da an taɓa shi sai ya ce shekara ashirin yana kwance a ƙarƙashin mota amma ko fili bai mallaka ba. Yanzu maganarsa ita ce ya sayar da gareji ya tafi ko ta wace hanya, har wani ya ce zai haɗa shi da masu bi ta Agadas. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, duk sanda facalata ta ɗora hoto a WhatsApp sai in ji abu ya tokare mini ƙirji.

“Ga kuma wata yarinya 'yar kayayo da ke ɗaukar mini kaya daga tasha zuwa shago, ba za ta wuce shekara 17 ba, da goyo a bayanta. Rannan da asuba na je karɓar kaya, na tarar da ita tana barci a kan kwali a bakin wani shago, ta lulluɓe jaririn da ɗankwalinta. Jiyan ranar kuwa na tsaya ina ja-in-ja da ita a kan sidi 5. Na koma gida na yi kuka.

“Na gaya wa mahaifiyata, ta ce in gode wa Allah in yi shiru, in dubi na ƙasa da ni. Na san gaskiya ta faɗa, amma haushi maganar ta ba ni. In na dubi facalata sai in ji an cuce mu, in na dubi yarinyar nan sai in ji ni ce macuciya. Hajiya, godiyata ce ta lalace? Me zan ce wa maigidana? Me kuma ya rataya a wuyana game da yarinyar nan?”

Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya huci zuciyarki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne godiyarki lafiyarta ƙalau. Matar da ta ga jariri a kan kwali da asuba ta koma ɗakinta ta yi kuka, zuciyarta a raye take. Abin da ya same ki shi ne a ɗan lokaci ɗaya Allah ya ajiye miki wadda ke samanki da wadda ke ƙasanki, kusa da kusa, har kina jin ƙamshin turaren ɗaya da gumin ɗayar. Kowa aka yi wa haka sai kansa ya juya.

Bari mu fara da ƙanin maigidanki, tunda zuwansa ne ya tayar da ƙurar. A shekarar 2025, mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya ma'aikaci a Jamus shi ne Yuro 12.82 a awa ɗaya. A nan Ghana kuwa, a wannan shekarar, mafi ƙarancin ladan yini sukutum sidi 19.97 ne, wanda ko Yuro 2 bai kai ba. Wato mai shara a Hamburg, kafin ya cika awa guda da tsintsiya a hannu, ya haɗa abin da takwaransa na Kumasi zai yi kusan mako yana nema. Haya da haraji da abincin can suna lashe kaso mai tsoka, amma ɗan abin da ya rage in aka canza shi zuwa sidi, shi ne bulo da simintin da kike gani suna hawa. Ba banza ba mutanen garin nan suka ciro kalmar “boga” daga sunan Hamburg suka liƙa wa duk wanda ya dawo daga Turai da aljihu cike. Wani masanin tattalin arziki, Branko Milanovic, wanda ya daɗe yana bincike a Bankin Duniya, ya nuna cewa fiye da rabin bambancin samu tsakanin mutanen duniya, ƙasar da mutum yake zaune ce ke jawo shi, tun kafin a zo maganar ƙwazo ko basira ko sammako. Waɗanda kuma suka samu damar zama a wata ƙasa ba wadda aka haife su ba, ba su kai 4 cikin 100 na al'ummar duniya ba. Sauranmu inda aka binne cibiyarmu nan muke cin rabonmu.

Saboda maigidanki na kawo miki waɗannan alƙaluma. Shi yana kallon shekarunsa ashirin a ƙarƙashin mota yana ganin shi ne ya gaza. Alhali hannun da ya koya wa ƙaninsa sifana bai ragu da komai ba, gumin ɗaya ne, kasuwar da ake sayen gumin ce daban.

Jin da kike yi cewa an cuce ku ma akwai gaskiya a cikinsa, sai dai ba facalarki ce ta cuce ku ba. Wani babban rahoto kan rabon dukiyar duniya da ya fito na shekarar 2022 ya nuna cewa mutum 10 cikin 100 da ke can sama su ne ke riƙe da kashi 76 cikin 100 na dukiyar duniya, rabin mutanen duniya da ke ƙasa kuwa kashi 2 kacal suka samu su raba. Ghana da Kwaddibuwa ne ke noma fiye da rabin kokon da duniya ke yin cakulan da shi, amma ribar mai kauri tana can inda ake narka shi a zuba a takarda mai sheƙi. Tun 1897 kamfanin Turawa ya fara haƙar zinariya a Obuasi, nan kusa da mu, kuma duk wanda ya bi ta ƙauyukan da ke kewayen ya san ma'anar inuwar giginya, na nesa ka sha. Ke kanki ba kya buƙatar a ba ki labarin 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, sidi ya yi ta zubewa, kika sayar da turmi da safe da yamma kuɗin ba ya sayo wani. Wanda ya ji zafin wannan bai yi wa Allah butulci ba.

Ba kuma zan yi miki irin lallashin da aka saba ba, cewa ai su ma na Turai wahala suke sha, don haka daidai kuke. Suna shan sanyi da kewa, wasu iyayensu sun rasu ba su samu zuwa jana'iza ba, amma ba daidai kuke ba. A Ghana, bisa binciken lafiya na 2022, yara 40 cikin kowane 1,000 ba sa kaiwa shekara biyar. A Jamus kusan 4 ne. In na ɓoye miki wannan don ki ji sanyi, ranar da kika gano sai ki daina yarda da sauran maganata.

Yanzu ki juyo ki dubi yarinyar nan da irin idon da muka dubi Jamus. Galibin 'yan kayayo daga arewa suke gangarowa, daga wajen Walewale da Yendi da Savelugu da ƙauyukan da ke zagaye da Tamale, inda damina ɗaya ce a shekara, da an girbe sai dogon rani babu aikin yi. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna mutum 61 cikin 100 na tsohon Yankin Arewa suna cikin talauci, a Yankin Ashanti kusan 12, a yankin Accra ko 3 ba su kai ba. Wannan giɓi ba jiya ya soma ba. Turawan mulkin mallaka sun ɗauki arewa tamkar rumbun 'yan ƙwadago, masu zuwa kudu haƙar zinariya da aikin gonakin koko, ba su damu da gina mata makarantu ba. Tun 1876 aka buɗe makarantar Mfantsipim a Cape Coast, Tamale kuwa ba ta samu sakandaren gwamnati ba sai 1951. Shekara 75 ke nan tsakani, kuma jikoki ne ke biya. Da ke aka haifa a ƙauyensu, ita aka haifa a Aboabo, da yau ke ce da gammo a ka, ita ce ke auna yadi a shago.

Na sha tsayawa a bakin Kejetia ina kallon yadda ake ɗora musu kaya. Yarinya ta naɗe tsumma ta yi gammo, ta durƙusa, mutum biyu su kama daron su ɗaga. Sai ki ga wuyanta ya nutse cikin kafaɗunta, jijiyoyin sun miƙe, ta ɗan yi tangaɗi kafin ƙafafunta su kama ƙasa. Kan jaririn da ke baya yana lilo, rana na dukansa. Sannan ta kutsa tsakanin motocin haya na trotro da babura masu ƙafa uku na pragya, mai kayan na biye da ita hannu sake, tana amsa waya. Sai an isa an sauke ake tunawa da cewa kuɗi na da wuyar samu. Ni ma na yi irin wannan cinikin, ba sau ɗaya ba, kuma ina neman gafarar Allah a kansa. Don haka ba daga kan tudu nake yi miki magana ba.

Mahaifiyarki kuwa, ki yi mata uzuri. In kina da shekara 34, to ita tana da wayonta a 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, lokacin da ƙasusuwan wuyan mutane suka fito har ake kiransu sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin, ana bin dogon layi don ɗan abin sakawa a tukunya. Wanda ya ga wannan, in ya ga jikokinsa suna barin ragowar shinkafa da wake a kwano, “ki gode wa Allah” ce kawai za ta zo bakinsa. Maganarta kuma tana da tushe. Ya tabbata daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa mu dubi wanda ke ƙasa da mu, kada mu dubi wanda ke sama da mu, don hakan ya fi kare mu daga raina ni'imar Allah. Inda na saɓa da ita shi ne “ki yi shiru”. Hadisin maganin raini ne, ba a aiko shi don a rufe bakin mai ciwo ba. Kuma ba a ce mu dubi na ƙasa don mu ji daɗin cewa mun fi shi mu wuce ba. Malamai sun ce godiya hawa uku ce: ta zuciya, ta harshe, da ta gaɓɓai. Ta zuciya ita ce ki san cewa abin da ke hannunki ba wayonki kaɗai ya kawo shi ba, don Ƙaruna ne ya ce da iliminsa ya samu dukiyarsa. Ta gaɓɓai ita ce ni'imar ta bi ta hannunki ta isa wani. A cikin suratu Zariyat Allah ya yabi waɗanda a cikin dukiyarsu akwai haƙƙin mai roƙo da wanda aka hana wa. Haƙƙi aka ce. Ina ganin abin da ya sa maganar Inna ta ba ki haushi shi ne ta tsaya a hawa na biyu, ke kuwa zuciyarki tana neman na uku.

Duk da haka ki yi lissafin nan, ke kaɗai, da biro da takarda, don mai hassada da mai jin kunya dukansu ba sa ganin abin da ke gabansu sosai. Kin iya karatu da rubutu. Kina da jari da sunanki. Mijinki na da sana'ar da ba ta mutuwa muddin akwai mota a kan titi. Yaranki uku a raye suke, kuma tun 2017 sakandaren gwamnati kyauta ce. Kina kunna fitila ta kama, alhali mutum kusan miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki. A 2025 Bankin Duniya ya ajiye ma'aunin matsanancin talauci a dala 3 a rana, ya kuma ƙiyasta sama da mutum miliyan 800 na ƙasa da shi, wato kusan ɗaya cikin goma. Kin haye wannan layin da nisa. Ki rubuta duka, sannan a gefe ki rubuta abin da ya rage muku da gaske: fili, da ɗan ajiya na ranar rashin lafiya. Za ki ga rashin naku yana da iyaka, yana da suna, ana iya yi masa shiri.

Mu koma ga maigida, don nasa ne mai gaggawa. Kada ki ce masa ya gode wa Allah, kin riga kin ɗanɗana yadda kalmar ke sauka a kan rauni. Ciwonsa ba na kuɗi ba ne kawai. Yaron da ya koya wa aiki ne ya yanka sa a gaban dangi, shi kuma babban wa yana tsaye ana gaishe shi a biyo. Ki samu dare, yara sun yi barci, ya ci ya ƙoshi, ki fara da abin da ya daɗe bai ji ba: cewa kin san shi ne ya kafa ƙaninsa, kin san gumin da ya zubar, kuma ba ki taɓa ganinsa a matsayin wanda ya gaza ba. Ki gaya masa ke ma hotunan suna sukar ki. Namiji ya fi sakin jiki in ya ga ba shi kaɗai ne a cikin ramin ba. Sannan ki bar shi ya yi magana har ya gaji, ko da abin da zai faɗa bai yi miki daɗi ba.

Sha'awar tafiya kuma kada ki mai da ita abin kunya. Mu mutanen Zango 'ya'yan matafiya ne. Kakanninmu fataucin goro ya biyo da su ta Salaga har Kumasi. Sai dai tarihinmu ya koya mana abin da zama babu takarda ke jawowa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su bar ƙasa. Mahaifiyata har ta rasu tana tuna maƙwabciyarta da ta sayar da keken ɗinki da gadon ƙarfe a kuɗin da bai kai na buhun masara ba, ta hau babbar mota tana kuka, ba su sake haɗuwa ba. A 1983 Najeriya ta yi irin haka, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo da jakunkuna a ka. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Maganar Agadas ita ce inda nake so ki kafe, ba da faɗa ba, amma ba gudu ba ja da baya. A ƙarshen 2023 Nijar ta soke dokar 2015 da ta haramta safarar bakin haure, shi ya sa dillalan hanyar suka sake samun baki. Hanyar dai tana nan yadda take. Hukumar Kula da Ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga sama da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓace a tekun Bahar Rum tun daga 2014, ban da waɗanda rairayin Sahara ya rufe. A 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya. Ko da mutum ya tsallake duk wannan, dokar Jamus ta sa Ghana cikin ƙasashen da take ɗauka masu zaman lafiya, don haka da wuya ƙwarai a ba ɗan Ghana mafaka. Uban yara uku ya sayar da garejin da ke ciyar da gidansa da gidajen yaransa biyar, ya miƙa wa dillali, wannan caca ce da rayukan mutane da yawa. In bai ji taki ba, ki kai maganar gaban wanda yake jin nauyi, mahaifinsa ko kawunsa ko limamin unguwarku, kafin ya karɓi kuɗin kowa. Ƙaninsa ma a sa shi ya faɗa masa gaskiya da bakinsa.

In zuciyarsa ta nace kan tafiya, akwai ƙofar da ake shiga ta gaba. Jamus na ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, ta kuma sassauta dokokinta, har a watan Yunin 2024 ta fito da wani izini na zuwa neman aiki ga masu takardar sana'a. Ana bukatar shaidar ƙwarewa, da harshe, da kuɗin riƙe kai, kuma sharuɗɗan sun fi tsauri ga wanda ya kai shekara 45. Bakanike irinsa da ya koyi aiki a hannun ubangida yana iya zama jarrabawar sana'a ta gwamnati ya samu takarda. Ana koyar da Jamusanci a cibiyar Goethe da ke Accra, akwai kuma cibiyar ba da shawara kan aiki da ƙaura da Jamus da Ghana suka buɗe a Accra a 2017. Ya je da ƙafarsa ya tambaya, kada ya aiki ɗan tsakiya. Hanyar na da tsawo, tana iya ƙin ɓullewa, amma gareji na nan a hannunsa yayin da yake gwadawa, takardar sana'ar kuma ko a nan za ta yi masa amfani.

Ni dai abin da na fi karkata gare shi shi ne a jawo Jamus ɗin ta zo Suame. Motocin yanzu kwamfuta ce ke tafiyar da su, bakaniken da ke da na'urar gano cutar mota kuma ya iya karanta ta, shi ke kwashe manyan masu mota. Ƙaninsa na zaune a ƙasar da ake samun irin waɗannan na'urori da kayan gyara na hannu, jiragen ruwa kuma na tasowa daga can zuwa Tema. Ya kawo jari, wan ya kawo hannu da suna da masu ciniki, a raba riba. Wannan haɗin gwiwa ne tsakanin malami da ɗalibinsa, babu roƙo a ciki. Amma a rubuta komai a takarda da shaidu, don kuɗin da ba a rubuta ba ya raba zumunci da yawa a Zangon nan. Kuma maza su yi maganar a tsakaninsu, kada ta bi ta bakinki zuwa kunnen facalarki. Batun fili, ku ware adashi guda da ba a taɓa shi sai don shi, in lokacin saye ya zo ku bincika a Hukumar Filaye da ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, kafin ku biya ko sisi, don sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba baƙon abu ba ne a garin nan.

Facalarki ba ta yi miki laifi ba. Ki rufe ganin hotunanta na wata biyu ko uku, ba sai ta sani ba, amma ki riƙa kiranta kuna gaisawa, don murya ba ta yi wa zuciya irin ɓarnar da hoto ke yi. Duk sanda abin ya tokare ki, ki ce Allah ya ƙara mata, ya ba mu namu. Son irin abin da wani ya samu ba tare da fatan ya rasa ba, ba shi ne hassadar da aka hana ba. Ki dai kiyaye kada yara su ji ana auna babansu da ƙaninsa.

Saura yarinyar. Ki fara da daina ja-in-ja da ita a kan kuɗin dako. Ki tambayi abin da ake biya a irin nisan da nauyin, ki ɗora wani abu a kai, ki tsayar da shi ya zama farashinku, ki kuma gaya mata ranakun da kayanki ke zuwa don ta san tana da abin dogaro. Wannan ladan aikinta ne, kada ki lissafa shi cikin sadaka. In daron ya yi nauyi a raba shi sawu biyu, ki biya sawu biyun. Bayan haka sai kyautatawa: koko da ƙosai da safe, inuwa a gefen shagonki ta shayar da ɗanta, tsofaffin kayan yaranki. Ki bincika ko tana da katin inshorar lafiya, ita da jaririn, don 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shekara sai ɗan na rajista, kuma ki tambaye ta ko tana kai shi awo da rigakafi. Wurin kwana shi ne mafi hatsari, domin yarinyar da ke kwana a bakin shago ba sauro kaɗai take tsoro ba. Wasunsu kan haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya, kuma kuɗin wata guda na irin wannan ɗakin ba zai karya ki ba, balle in kin jawo matan layinku a kasuwa ko na makarantar Islamiyyarku kun haɗa hannu. In ta buɗe miki ciki kika ji an taɓa cin zarafinta, akwai sashen 'yan sanda na DOVVSU mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu, da ofishin jin daɗin jama'a, ki raka ta da kanki. Kayan shagonki in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo, akwai zakkar kashi 2.5 cikin 100 a kansu, ki zauna da malami ya taya ki lissafi, irinta na cikin waɗanda suka cancanta.

Abu ɗaya nake roƙonki kada ki yi: kada tausayi ya sa ki ɗauko ta ki kawo gida ta zama 'yar aikin da ba a biya. Na ga gidaje da dama da aka fara haka da kyakkyawar niyya aka ƙare da zalunci. Ki tambaye ta abin da ya kawo ta Kumasi da abin da take tara wa kuɗi. Wata keken ɗinki take so, wata kayan ɗaki, wata komawa makaranta, wata kuɗin mota kawai zuwa gida. Nata burin za ki taimaka wa, ba wanda kika zaɓa mata ba. Ki kuma yanke adadin da za ki iya fitarwa duk wata ba tare da kin taɓa jari ba, ki sanar da maigida, ki tsaya a kansa. Taimakon da jin kunya ke turawa yakan yi yawa a makon farko ya ƙafe a na uku.

Ranar da kayanki za su zo nan gaba, ki riga ta isa bakin shago. In ta iso, ki ajiye wayar, ki sa hannu biyu ki kama daron ku sauke tare, ki ba ta ruwa, sannan ki tambaye ta sunanta da na ɗanta da sunan garinsu. In Hausarta ba ta da yawa, ba za ki rasa mai jin Dagbanci a layinku ba. Bayan kun zauna da maigida ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare, musamman maganar mutumin Agadas ɗin nan. Ki gaishe mini da Inna.